Yadda ake shiga tseren tsofaffin motocin Grand Prix a intanet daga nan Kano

Tun da na sa hoton sitiyarina a status mutane suke ta tambayata wai wane irin gem ne wannan, wasu har da cewa mota ce ko gwangwanin sigari mai taya. To bari in zauna yau in yi bayani gaba ɗaya, don na gaji da turawa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki shekaru ina wannan harkar daga ɗakina, na yi karo ya fi a ƙirga, an kore ni daga tsere, wuta ta ci amanata, duk na gani.

Abin da ake yi shi ne ana tuƙa motocin Formula 1 na da, yawanci na shekarar 1967, a cikin manhajar da take kwaikwayon mota da gaske, kai kana Kano wani yana Jamus wani yana Birazil, ku hau titi ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma motocin nan ba irin na yanzu ba ne. Injinsu lita 3, ƙarfin doki wajen 400, nauyin motar kilo 500 da 'yan kai, kuma babu fiffiken da zai danna ta ƙasa, don sai a 1968 aka fara sa musu fiffike. Tayar ma mai zane ce, tana santsi. Wato ƙarfi ya yi yawa, riƙo ya yi kaɗan. Wannan kawai ka riƙe a ranka, duk sauran bayanin daga nan ya fito.

KAYAN AIKI

Kwamfuta. Ba sai ka sayar da fili ba. Idan tsohon gem ɗin nan Grand Prix Legends za ka yi, wanda kamfanin Papyrus ya fitar a 1998, kusan duk laftof ɗin da ka gani a Beirut Road zai ɗauke shi. Idan kuma Assetto Corsa ne, na kamfanin Kunos na Italiya da ya fito a 2014, to ka nemi mai RAM 8 da katin hoto nasa na daban, kar mai shago ya lallaɓa ka da wanda katin ke haɗe a jikin injin. Ka ce a kunna maka ka gani kafin ka biya.

Sitiyari da fedal. Logitech G29 shi ne wanda ya fi yawa a hannun mutane, yana juyawa digiri 900, yana da fedal uku, totur da birki da kulochi. Idan ka samu tsohon G27 na hannu mai lafiya ka ɗauka da gudu, shi yana zuwa da sandar giyarsa, G29 kuwa sai ka sayi sandar daban. Ba ka da sandar giya? Ba komai, yi amfani da 'yan fallayen da ke bayan sitiyarin. Ba ka da sitiyarin ma gaba ɗaya? Fara da hannun gem irin na Xbox ko PlayStation, ka rage masa kaifi a saiti, za ka iya koyon titi da shi, na san wanda ya yi wata shida a haka. Amma kibod kam a'a. Maɓalli ko dai a danne yake ko a sake, ita kuwa motar nan rabin totur take so, wani lokacin ma kwata.

Wurin zama. Kujerar roba a kan tayil, kana taka birki za ta ja baya, ka tsinci kanka kana miƙa ƙafa kamar mai neman takalmi a ƙarƙashin gado. Ka jingina fedal da bango, ka shimfiɗa darduma mai kauri ko tabarmar roba a ƙarƙashin kujera. Ni daga baya Ƙofar Ruwa na je na samo tsohuwar kujerar mota, mai walda ya haɗa min ƙarfe, kafinta ya sa katako inda za a ɗaure sitiyari, shi ke nan aka wuce wajen.

Wuta da sabis. Wannan shi ne babban kayan aikin ɗan Kano, zan dawo kansa a ƙasa. A taƙaice dai kana buƙatar UPS ko inbata ko sola, da kuma layin intanet biyu na kamfani daban-daban.

MATAKI NA 1: ZAƁI GEM ƊAYA KA TSAYA A KAI

Kuskuren farko shi ne sauke komai lokaci guda, data ta ƙare, kai kuma ba ka iya ko ɗaya ba. Grand Prix Legends shi ne uban tafiyar, yana da titi 11 da motoci 7, akwai Lotus 49 da Ferrari 312 da Eagle da Brabham da BRM, sai Honda da Cooper waɗanda a asalin gem ɗin aka canza musu suna zuwa Murasama da Coventry saboda matsalar lasisi. Masoyansa har yau suna raya shi, sun yi masa ƙarin kakar 1965 da 1966 da 1969, ana sarrafa su da wata 'yar manhaja GEM+, a shiga tseren intanet ta wata manhajar iGOR. Sai dai girka shi yana son haƙuri, gem ne da ya girmi wasu masu karanta wannan.

Assetto Corsa ya fi sauƙi ga sabon shiga. Kana saya a Steam, wato kasuwar gem ta intanet, Lotus 49 da tsohon titin Monza na 1966 suna ciki, ka ƙara da manhajar Content Manager don ya sauƙaƙa maka neman tsere. Ka jira lokacin rangwame, suna karya farashi sosai a tsakiyar shekara da ƙarshenta, kuma ka tanadi katin da yake biyan dala. Akwai Automobilista 2 na 'yan Birazil, shi ma yana da tsofaffin motoci masu daɗi amma ya fi cin kwamfuta. iRacing ma yana da Lotus 49, kuma David Kaemmer wanda ya yi Grand Prix Legends yana cikin waɗanda suka kafa shi, amma biyan wata-wata ne da dala, ga mota ka saya ga titi ka saya, da yadda canji yake yanzu ni dai ban ba sabon shiga shawara ba.

Saukewa ka bari sai dare, da datar dare mai arha. Tseren kansa ba ya cin data sosai, saukewa da sabuntawa ne suke cinye ta.

MATAKI NA 2: SAITA SITIYARI KAFIN KA TAƁA TITI

Ka ɗaure shi tamau a tebur. Kana jona shi zai juya da kansa hagu da dama yana auna kansa, ka cire hannunka, kuma ka kori yara daga wajen, na taɓa ganin ya make yatsan ƙanina. A Assetto Corsa ka bar shi a 900, gem ɗin zai daidaita da motar. A Grand Prix Legends kuwa sai ka rage juyin da kanka, ka gwada har hannun direban da ke allo ya riƙa tafiya daidai da naka.

Nauyin da sitiyari ke mayar maka a hannu kar ka ƙure shi. Mutane suna son su ji yana fizga kamar ana kokawa, alhali idan ya yi yawa ba za ka ji lokacin da tayar baya ta fara sulɓewa ba, kuma wannan ɗan saƙon shi ne rayuwarka a motar nan. Sa shi tsaka-tsaki.

Sannan duba fedal a allon saiti, ka taka a hankali ka ga layin yana hawa sumul. Idan yana rawa ko yana tsalle, ƙura ce ta shiga. Lokacin hunturu wannan dole ne, ƙurar Kano ba ta barin komai, ni sai da na yi sati biyu ina zargin kaina ashe totur ɗina ne ba ya kaiwa ƙarshe. Ka sayi feshin wanke kayan lantarki wajen masu gyaran rediyo, ka fesa kaɗan, kuma kullum ka gama ka rufe da tsohon zani.

MATAKI NA 3: KOYI TUƘI KAI KAƊAI, A MONZA

Kar ka fara da titin Nürburgring na Jamus don ka ji ana zuzuta shi. Kilomita 22 da ɗoriya ne, kwana sama da ɗari, wata guda ba ka haddace shi ba. Spa ta da, ta Beljiyam, ma kilomita 14 ce tsakanin gidaje da sandunan waya. Monza ta Italiya ita ce makaranta, kilomita 5.75, kwanoninta 'yan kaɗan ne: Curva Grande, Lesmo guda biyu, Ascari, sai Parabolica. A Assetto Corsa ka zaɓi zubin da ba shi da gangaren nan mai kama da kwano.

Idan Grand Prix Legends kake yi akwai motocin koyo masu ƙaramin ƙarfi a ciki, ko ka hau na 1965 masu lita ɗaya da rabi, ba abin kunya ba ne. Kuma kar ka maƙale wa Lotus don ita ce mai suna. Eh, ita shahararren direba Jim Clark ya ci tseren Zandvoort na Holan da ita ranar da aka fara fito da ita, amma wanda ya ci kambun 1967 Denny Hulme ne a Brabham, motar da ba ta kai ta ƙarfi ba amma ba ta cika lalacewa ba kuma tana da sauƙin hali. A gem ma haka take.

Ga yadda ake shiga kwana. Birki tun motar tana miƙe, tun da nisa, fiye da inda zuciyarka ke gaya maka. Ka taka shi kamar kana matsa lemo, ba kamar kana kashe kunama ba, don idan taya ta kulle sitiyari ya zama ado. Kana rage gudu kana sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace saukowa ka ɗan taɓa totur kaɗan, fuu, don injin ya tashi ya tarbi giyar, in ba haka ba tayar baya za ta ja ta juya da kai. Masu kulochi suna yin wannan da ƙafa ɗaya, yatsu a birki dunduniya a totur, zai ɗauke ka makonni. Kafin nan ka kunna taimakon da gem ke bayarwa, idan dokar gasar ta yarda. Wajen hawa giya kuma ka ɗaga ƙafa daga totur, in ka riƙa cusa giya da totur a ƙasa injin zai yi hayaƙi tun ba a je ko'ina ba.

Da ka shiga kwanar, totur ne yake juya motar kusan fiye da sitiyari. Ka ƙara kaɗan bayanta ya buɗe, ka rage kaɗan hancinta ya shigo. Abin da ba a yi shi ne sakin totur gaba ɗaya a tsakiyar kwana mai gudu saboda tsoro, nan take nauyi zai koma gaba, baya ya yi sakayau, sai dai ka ga bishiyoyi suna zagaya ka. Curva Grande ta koya min wannan ya fi sau hamsin.

Ka nemi alama a gefen titi, allo ko inuwa ko inda kwalta ta canza launi, ka ce a nan nake birki, kullum a nan. Kar ka matsar da ita sai ka yi zagaye biyar lafiya. Kuma kar ka damu da agogo tukuna. Clark ya yi zagaye ɗaya a 1:28.5, wato minti ɗaya da daƙiƙa 28 da rabi, a Monza a 1967, kai idan kana yin 1:35 ba ka fita titi ba har zagaye goma a jere, wallahi ka fi mai 1:30 da ke juyawa duk bayan zagaye uku. Wannan goman a jere ita ce jarrabawarka, idan ba ka ci ba kar ka shiga cikin mutane.

MATAKI NA 4: SAITIN MOTA, KAƊAN KAWAI

Nan mutane ke ɓata wata guda suna taɓa shokozoba da safirin ba su san me suke yi ba. Ka karɓi saitin da gem ya zo da shi ko ka roƙi na wani a gasar, suna bayarwa. Abu uku kawai za ka taɓa. Giyar ƙarshe, ka tabbata injin ba ya ƙurewa kafin ƙarshen miƙaƙƙen titi, ka bar masa ɗan sarari saboda idan kana bin bayan wani gudunka zai ƙaru. Rabon birki, idan baya na yawan juyawa da kai wajen birki ka ɗan tura shi gaba. Sai mai. Ka lissafa abin da take sha a zagaye ɗaya, ka ninka da yawan zagayen, ka ƙara na zagaye biyu. Clark kansa a wannan tseren na Monza taya ta yi masa faci, aka wuce shi da zagaye guda, ya rama ya dawo gaba, sai mai ya yanke masa a zagayen ƙarshe ya ƙare na uku, John Surtees ya ci a Honda da tazarar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba a kan Jack Brabham. Kuma ka yi atisaye da cikakken tanki, motar tana zama wata daban, birkinta ya fi nisa.

MATAKI NA 5: NEMI GASA, KA DUBA AGOGO

Tseren da kowa ke faɗawa ba rajista yawanci hauka ne, kwanar farko ake gamawa. Ka nemi lig, wato gasa mai rajista da doka, yawancinsu a manhajar hira ta Discord suke taruwa, suna da rukunin sababbi. Ka karanta dokarsu duka ko da da manhajar fassara ne, musamman dokar komawa titi da ta maido da mota bayan karo, don a Grand Prix Legends akwai Shift da R da ke tayar maka da mota sabuwa, wasu lig sun yarda sau ɗaya wasu sun hana sam.

Lokaci kuma ka kula. Mu ba ma canza agogo, Turawa suna canzawa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da Ingila, Jamus da Faransa suna gabanmu da awa ɗaya. Sauran watannin kuma mu ne ɗaya da Jamus, muna gaban Ingila da awa guda. Na taɓa zuwa na tarar har an yi rabin tsere saboda wannan. Sannan yawanci ƙarfe takwas ko tara na dare suke sawa, wato dab da Isha'i, don haka ka zaɓi wadda za ka yi sallarka a natse ka dawo, ba wadda za ka riƙa jin kiran salla kana Lesmo hankalinka ya rabu biyu ba. Ka nemi lig ɗin da sabarsu, wato kwamfutar da kowa ke jonawa a yi tseren, take Turai, ta Amurka ko Ostareliya ta yi mana nisa.

MATAKI NA 6: WUTA DA SABIS A RANAR TSERE

Bari in ba ka labarin da ya sa na sayi inbata. Zagaye 30 ne, ina matsayi na huɗu, saura zagaye uku, ban taɓa kai wannan matsayin ba, gumi har cikin ido don na kashe fanka wai kar ƙararta ta dame ni. Sai ɗif. Laftof bai mutu ba tunda yana da batir, amma rawuta ta mutu, sitiyarin ma ya saki ya zama kamar faranti a hannuna saboda shi ma da wutarsa daban. Ina zaune a duhu ina kallon motata ita kaɗai a titi, sauran duk sun ɓace. Don haka abu uku za ka jona a UPS ko inbata, kwamfuta da rawuta da sitiyari, ba kwamfuta kaɗai ba. Kuma tun kafin a fara ka koma kan inbatar gaba ɗaya, kar ka jira canji a tsakiyar tsere. Janareta ma yana yi, amma ka duba mansa, ka bi da shi ta stabilaiza.

Sabis kuwa ba ƙarfin saukewa ake nema ba, tsayuwa ake nema. Akwai lambar jinkiri da gem ke nunawa, daga nan zuwa Turai ni nakan ga tsakanin 130 da 200, kuma ana tsere da hakan lafiya in dai ba ta tsalle. Idan tana tsalle motarka za ta riƙa ɓacewa tana bayyana a allon mutane, ka buge wani ba ka ma taɓa shi ba a naka allon. Ka jona da kebul maimakon Wi-Fi, ko ka haɗa wayarka da kebul ɗin USB ka ajiye ta a taga inda sabis ya fi. Ka kashe sabuntawar Windows da Steam. Ka roƙi mutanen gida su sauka daga TikTok na awa ɗaya, in ta kama ka saya musu tsire. Kuma ka gwada layukanka biyu a daidai lokacin da za a yi tseren, don layin da ke gudu da asuba ba shi ne na ƙarfe tara na dare ba. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, ka ɗaga laftof a kan wani abu iska ta shiga ƙasansa, in ya yi zafi hoto zai fara sarƙewa.

MATAKI NA 7: TSEREN KANSA

Wajen neman gurbin da za ka tashi daga shi ka yi zagaye ɗaya mai tsafta tukuna ka samu lokaci a allo, sannan ka gwada ƙurewa. Idan ka zo na baya ma alheri ne a tseren farko.

Ana ba da alamar tashi kar ka nitsa totur, taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya ko motar ta karkace ta tare hanya. Rabin totur, ka sake ta a hankali. Zagayen farko tayoyi da sanyi, tanki cike, ga mota goma sha a gabanka kowa zai yi birki kafin inda ya saba, don haka kai ma ka yi naka tun kafin alamarka da nisa. Ka bar wanda ke sauri ya wuce, kashi mai yawa za ka same su a ciyawa kafin Lesmo.

Wajen obatekin a Monza ka laɓe a bayan mutum a miƙaƙƙen titi, iskar da ya keta za ta ja ka, sai ka fito gefe tun kafin wurin birki. Idan ba ka kai gefensa sosai ba kafin a fara juyawa, kwanar tasa ce, ka haƙura. Saboda jinkirinmu ka bar fili fiye da yadda Bature zai bari, kamar faɗin rabin mota ƙari. Tayoyin nan a waje suke, suna haɗuwa sama za ku tashi.

Idan ka juya a tsakiyar titi ka danne birki ka tsaya cik, masu zuwa za su iya kauce wa abin da ke tsaye, mai gangarawa ne ba sa iyawa. Idan ka fita ciyawa ka duba madubi, ka dawo a kwance da titi ba a gicciye ba. Shuɗiyar tuta na nufin na gaba zai zagaye ka, ka tsaya a layinka ka ɗan ɗaga ƙafa a miƙaƙƙe, kar ka yi wata dabara. Idan kai ka buge mutum, yawancin lig suna so ka jira shi ya wuce ka, kuma kar ka tsaya rubutu ana cikin tsere, ka bari a gama ka ba shi haƙuri.

Bayan an gama ka adana maimaicin tseren. Da shi ake kai ƙara in an zalunce ka, da shi kuma za ka hau motar wanda ya ci ka ga inda yake birki da giyar da yake shiga Parabolica. Ni nakan kalla washegari da safe da shayi a hannu, ina rubuta wurin birkinsa a bayan takardar kati, in manna a gefen allo kafin atisaye na gaba.